Fasahar ƙwaƙwalwa da kwamfuta: abin da masana suka cimma da inda ya shafi arewacin Kamaru

A watan Janairun 2024 kamfanin Neuralink na attajiri Elon Musk ya dasa wata na'ura mai faɗin kwandala a ƙoƙon kan wani matashi ɗan Amurka, Noland Arbaugh, wanda jikinsa ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa. Bayan 'yan makonni aka nuna shi yana wasan darar Turawa a kwamfuta, hannayensa na ajiye, tunaninsa kaɗai ke motsa kibiyar da ke kan allo. Labarin ya zagaya duniya, kuma mutane da yawa sun ɗauka a ranar aka fara wannan ilimi.

Ilimin ya kai shekara 100. Reshensa da ya fi kusa da mazauna Garwa, Marwa da Ngaundere kuwa ba ya buƙatar tiyata ko kaɗan: gwaji ne na rabin awa da ke sauraron lantarkin ƙwaƙwalwa ta saman fatar kai, wanda yakan taimaka wa likita ya gane irin farfaɗiyar da ke damun yaro da maganin da ya dace da ita.

Lantarkin da ke cikin kai

Ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma suna aika wa juna saƙo ta hanyar ɗan lantarki da sinadarai. Wani likitan Ingila, Richard Caton, ya gano wannan lantarki a ƙwaƙwalwar zomaye da birai a 1875. A 1924 likitan ƙwaƙwalwa Hans Berger na birnin Jena a Jamus ya fara ɗaukarsa daga kan ɗan Adam, sai dai bai wallafa sakamakon ba sai a 1929, saboda shi kansa yana shakkar abin da ya gani. Gwajin nasa shi ne ake kira EEG a taƙaice. A takardar asibiti a Kamaru, Nijar ko Chadi za a ga an rubuta shi da Faransanci, électroencéphalogramme.

Ana manna 'yan faya-fayan ƙarfe, waɗanda ake kira elektirod, kimanin 21 a wurare sanannu a fatar kai, a haɗa su da na'urar da ke ƙara ƙarfin saƙon ta zana shi a allo kamar igiyar ruwa. Saƙon ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Batirin tocila guda ya ninka shi sau 15,000 ko fiye. Idan mai lafiya ya rufe ido ya natsu, bayan kansa kan fitar da igiya mai kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa. Da ya buɗe ido sai ta ɓace. Na'urar saurare kawai take yi, ba ta zuba wa mutum wuta a kai, ba ta kuma karanta abin da yake saƙawa a zuci. Yana da kyau a faɗi wannan tun da wuri, don tsoron wayoyin kan sa wasu iyaye su yi ɗari-ɗari da gwajin.

Daga saurare zuwa ba da umarni

A 1973 Jacques Vidal, ɗan Beljiyam mai koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya yi tambayar da ta buɗe sabon fage: tunda ana iya jin wannan lantarki, me zai hana a mayar da shi umarni ga kwamfuta? Shi ya raɗa wa abin sunan da za a iya fassarawa da gadar ƙwaƙwalwa da kwamfuta. A nan ne ilimin jijiyoyi ya haɗu da wani fanni, wato nazarin yadda mutum ke mu'amala da na'ura, wanda ke duba allo, maɓallai, murya da duk wata hanya da mutum ke bi ya gaya wa kwamfuta abin da yake so.

Misali mafi sauƙin ganewa shi ne na Lawrence Farwell da Emanuel Donchin, na 1988. Sun jera haruffa da lambobi a gidaje 36, layi 6 a kwance 6 a tsaye, layukan na walƙiya ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya sa ido a kan harafin da yake so. Duk lokacin da layin harafin ya haska, ƙwaƙwalwarsa kan ɗan zabura bayan kusan sulusin daƙiƙa, kwamfuta kuma ta lura da zaburar ta gane harafin. Haruffa kaɗan ake samu a minti guda, amma ga wanda ba ya iya motsa ko yatsa, wannan magana ce.

Ƙoƙon kai na dushe saƙon, kamar mai sauraron hira ta bayan katanga. Shi ya sa wasu masu bincike suka shiga ciki. A 2004 ayarin John Donoghue na Jami'ar Brown ya dasa wa Matthew Nagle wani ɗan faranti mai allurai 100, faɗinsa milimita 4, a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsi, ya riƙa motsa kibiyar kwamfuta. A 2012 aka ba da rahoton wata mata, Cathy Hutchinson, wadda ta yi kusan shekara 15 a shanye, ta sarrafa hannun ƙarfe da tunani ta kai kwalbar kofi bakinta. Masu jin Faransanci ma suna da nasu rabon: a cibiyar Clinatec ta Grenoble, ƙarƙashin Farfesa Alim Louis Benabid, wani matashi ya taka ƙafa a 2019 cikin rigar ƙarfe mai inji da yake sarrafawa da ƙwaƙwalwa, ko da yake an ɗaure rigar da rufin ɗaki don kada ya faɗi. A 2023 Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch na Lausanne a Suwizalan suka haɗa ƙwaƙwalwar wani ɗan Holan da lakarsa ta na'ura, aka tsallake wurin da ya ji rauni, ya tashi ya yi tafiya.

Duk waɗannan gwaje-gwaje ne a kan mutane ƙalilan, kowanne da ayarin injiniyoyi a bayansa. Akwai kuma darasin kamfanin Second Sight na Amurka, wanda ya dasa wa makafi fiye da 350 na'urar gani a ido, daga baya ya daina ƙera ta, ya bar su da kayan da babu mai gyarawa. Wanda ya taɓa ganin injin asibiti a lulluɓe da ƙyalle saboda rashin ƙaramin kayan gyara zai fahimci girman wannan hatsari idan injin a cikin jikin mutum yake.

Farfaɗiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. Har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan aka gano cutar daidai aka ba su magani, kuma maganin na iya tsayawa a kan dalar Amurka 5 a shekara. Duk da haka, kashi uku cikin huɗu na masu cutar a ƙasashe matalauta ba sa samun maganin.

Abubuwan da ke jawo ta sanannu ne a yankin Binuwai da tafkin Chadi: zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, da buguwar kai a hatsarin babur. A kwarin Mbam da ke tsakiyar Kamaru, masu bincike sun nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin farfaɗiya da cutar makanta da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓa mai ita. Wannan camfi na da tsada, domin shi ke sa a ja da baya a lokacin da yarinya ta faɗi kusa da murhu ko yaro ya faɗi a bakin kogi, kuma ƙuna da nutsewa na daga cikin manyan abubuwan da ke naƙasa ko kashe masu cutar.

Amfanin EEG a nan shi ne rarrabewa, don farfaɗiya iri-iri ce. Akwai wadda yaro ba ya faɗuwa sam, sai dai ya yi zuru na daƙiƙa goma, ya dawo kamar ba abin da ya faru, sau da yawa a yini. A aji akan ɗauke shi a matsayin marar hankali ko mai taurin kai, wani lokaci har ya sha bulala. A EEG wannan nau'i na da tambari bayyananne, igiya mai tsini da ke maimaituwa sau 3 a daƙiƙa. Sanin haka na da muhimmanci, saboda maganin carbamazepine, wanda ke aiki sosai a kan wasu nau'o'in, na iya ƙara tsananta wannan. Sai dai gwajin ba alƙali ba ne. Kusan rabin masu farfaɗiya, ko fiye, gwajinsu na farko kan fito lafiya lau, don haka bayanin wanda ya ga faɗuwar da idonsa, ko ɗan bidiyon da aka ɗauka da waya, na nan da darajarsa a wurin likita.

Babbar matsalar ita ce mai karantawa. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2017 sun nuna cewa ƙasashe matalauta na da ma'aikacin jijiyoyi ɗaya ga mutum miliyan guda, yayin da ƙasashe masu arziki ke da kimanin 71. A Kamaru yawancin ƙwararrun na Yawunde da Duwala, kuma daga Garwa zuwa Yawunde tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, ko a mota gaba ɗaya, ko a sauka a Ngaundere a kwana a jirgin ƙasa.

Wani ɗan Kamaru ya riga ya nuna yadda za a rage wannan nisa, a fannin zuciya. Arthur Zang, wanda ya yi karatu a makarantar injiniyoyi ta Yawunde, ya ƙera CardioPad, allon hannu da ma'aikacin jinya zai auna bugun zuciya da shi a ƙauye, ya tura ta layin waya ga likita a birni. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2014 da babbar lambar injiniyoyin Afirka a 2016. An gwada irin wannan dabara a kan ƙwaƙwalwa. Masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Danmak sun haɗa hula mai elektirod 14 da manhajar waya, ayarin Dakta Farrah Mateen na Boston ya gwada ta a Butan, sannan a asibitin Ignace Deen na Konakiri a Gini, ana tura sakamakon ga ƙwararru a ƙasashen waje. Gwajin Butan ya nuna cewa da wuya hular ta ga cuta inda babu, amma ta tsallake fiye da rabin alamomin da babbar na'ura ta kama. Ke nan tana taimakawa wajen tabbatarwa, ba ta isa a ce wa mutum ya je gida ba shi da komai ba.

A arewacin Najeriya an bi ta wata hanya. Shirin BRIDGE, na haɗin gwiwar Jami'ar Vanderbilt da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko a Kano, Zariya da Kaduna su gano farfaɗiyar yara su kuma kula da ita, da tambayoyin tantancewa da aka tsara da Hausa. Waɗannan tambayoyi ba su san iyaka ba: uwa a unguwar Yelwa ta Garwa za ta fahimce su kamar yadda uwa a Fagge za ta fahimta.

Kitso, gumi da wutar Lagdo

An ƙera elektirod ɗin da aka saba da shi ne a kan gashi mai santsi da ke kwanciya. Gashin baƙar fata mai kauri da murɗewa kan tura shi sama ya raba shi da fata, saƙon ya lalace. Shekaru da yawa ɗakunan bincike a Amurka suna sallamar masu irin wannan gashi daga gwaji, abin da ke nufin wani ɓangare na ilimin da aka tara bai ƙunshe su ba. A 2020 wata ɗaliba mai asali da Haiti, Arnelle Etienne, tare da Farfesa Pulkit Grover na Jami'ar Carnegie Mellon, suka fito da mafita: a yi wa mutum kitso bisa layukan da ake manna elektirod, sannan a maƙala wani ɗan maƙali tsakanin kitso biyu ya danna ƙarfen a kan tsagar. Suka sa masa suna Sevo, wato ƙwaƙwalwa a harshen Haiti. Duk mai kitso a Garwa ta iya rabin wannan fasaha tun tana yarinya. Shawarar da asibitoci ke bayarwa dai ita ce a wanke kai kafin gwaji, kada a shafa mai ko kaɗan.

Sai zafi. A watannin Maris da Afrilu Garwa kan haura digiri 40, gumi kuma na sa layin EEG ya riƙa lilo a hankali har ya rufe abin da ake nema. Wutar gida, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, na shiga cikin zanen idan ba a haɗa wayar ƙasa da kyau ba, janareta kuma ya fi ta hayaniya. Arewacin ƙasar ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka kammala a 1982, kuma idan ruwa ya ja baya wuta kan yi ƙaranci. Tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa sun rage matsalar. Na'ura mai aiki da batir ta fi dacewa da irin wannan wuri ta fuska biyu, ba ta mutuwa a tsakiyar gwaji, kuma saƙonta ya fi tsabta.

Waɗannan tambayoyi ne na bincike na gaske, kuma babu dalilin jiran Boston ta amsa su. Jami'ar Garwa, wadda aka kafa da dokar shugaban ƙasa ta 5 ga Janairun 2022, na da tsangayar koyon aikin likita. Birnin na da babban asibitin da aka gina da rancen Koriya ta Kudu da kuma reshen Centre Pasteur. Marwa na da babbar makarantar injiniyoyi. A Jami'ar Ngaundere, Farfesa Elisabeth Ngo Bum ta shafe shekaru tana gwada tsirran gargajiya a kan farfaɗiya, ciki har da kajijin da mata ke turare da shi, ta kuma nuna yana rage jijjiga a jikin ɓeraye. Sakamakon ɓera ne, bai zama dalilin ajiye maganin asibiti ba. A Yawunde, Farfesa Alfred Njamnshi, wanda ya kafa ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta BRAIN, ya wallafa a 2012 yadda wata na'ura mai kama da agogon hannu ke bin diddigin barci da farkawar masu ciwon barci na ƙudan tsando. Shi ne kuma jigon Sanarwar Yawunde kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta watan Agustan 2024.

Wane harshe na'urar ke ji?

A watan Agustan 2023 ayari biyu a Kalifoniya suka ba da rahoton mayar da yunƙurin magana rubutu kai tsaye daga ƙwaƙwalwar mata biyu da suka rasa murya. Na Jami'ar Stanford ya kai kalma 62 a minti, na Edward Chang a San Francisco ya kai 78. Hirar yau da kullum da Ingilishi kan kai kusan 160. Sirrin saurin shi ne kwamfutar ba ta dogara da ƙwaƙwalwa kaɗai ba. Tana da manhajar da ta haɗiye tarin rubutun Ingilishi, wadda ke cike giɓi da hasashen kalmar da ta fi dacewa, kamar yadda waya ke yi wa mai rubuta saƙo. Harshen da ba shi da rubutu mai yawa a intanet zai samu hasashe mai rauni.

Hausa na da ƙarin sarƙaƙiya, domin karin sauti na canza ma'ana. Kuka na hawaye da kuka ta miya haruffansu ɗaya, haka wuya ta wahala da wuyan da ake rataya sarƙa. Leɓe da harshe motsi ɗaya suke yi, bambancin na maƙogwaro ne. Masu bincike a asibitin Huashan na Shanghai sun nuna a 2023 cewa ana iya ciro karin sautin Sinanci daga ƙwaƙwalwa, abin da ke buɗe ƙofa ga harsuna irin Hausa. Fulatanci ba ya rarrabe kalmomi da karin sauti, amma yana da nasa ɓ, ɗ, ƴ da ŋ. Mutumin Garwa kuwa kan yi ciniki da Fulatanci, ya yi hira a gida da Hausa, ya cike takarda da Faransanci, wani lokaci ya gauraya su a jimla guda. A 2024 ayarin Chang ya nuna na'urar da ke gane Sifaniyanci da Ingilishi daga kan mutum ɗaya, tana kuma rarrabe wanda yake nufi.

Wannan batu na karin sauti ya riga ya shafi wasu iyalai. Na'urar ji da ake dasawa a cikin kunne ita ce fasahar jijiya da ta fi kowace yaɗuwa a duniya. An fara gwada tushenta a Paris a 1957. Arewacin Kamaru na cikin zirin sanƙarau na Afirka, kuma kurumta na daga cikin abin da cutar kan bari, ko da yake rigakafin MenAfriVac da aka fara a yankin a 2011 ya karya lagon nau'in da ya fi kisa. Bayan sanƙarau, dodon kunne na iya cikewa da ƙashi cikin watanni, don haka auna jin yaro da zarar ya warke na da gaggawa. Na'urar na isar da baƙaƙe da wasula da kyau, amma tana da rauni wajen hawa da saukar murya, kamar yadda aka gani a yaran Sin. Yaro Bahaushe da aka dasa wa ita zai buƙaci mai koyar da magana da ya san Hausa.

Bayanan ƙwaƙwalwa na wane ne?

Idan za a ɗauki EEG a Garwa a karanta shi a Yawunde, Paris ko Boston, to bayanan sun yi tafiya, kuma wani ya ajiye su. Zanen na iya fallasa cewa mutum na da farfaɗiya, abin da kan hana aure ko aiki a wurare da dama. Ƙasar Chile ta sa kariyar bayanan ƙwaƙwalwa a tsarin mulkinta a 2021, kuma a 2023 kotun ƙolinta ta umarci kamfanin Emotiv na Amurka ya goge bayanan wani tsohon sanata, Guido Girardi, wanda ya sayi na'urar ɗaurawa a kai ta kamfanin. A watan Nuwamban 2025, a birnin Samarkand, ƙasashen UNESCO suka amince da shawarwari kan ɗa'ar wannan fasaha, waɗanda ba su da ƙarfin doka.

Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, Kamaru ta yi tata a ranar 23 ga Disamban 2024, mai lamba 2024/017, ta ba hukumomi da kamfanoni wata 18 su daidaita. A ƙa'idar binciken lafiya ta duniya, duk wanda aka nemi ya shiga gwaji, ko ya sa ɗansa, na da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa: ina za a ajiye zanen, wa zai gani, za a cire sunansa, kuma za a ba shi sakamakon? Yana da damar ƙin shiga, ko ya janye daga baya, ba tare da an rage masa kulawar da ake ba shi a asibitin ba.